Babbar Manhaja da Aikin da Ba Ya Jira

Aikin kwamfuta iri biyu ne. Akwai wanda jinkiri ba ya ɓata shi, kamar lissafin albashi. Akwai kuma wanda aka yanka wa wa'adi, kamar sarrafa birkin mota, inda amsar da ta zo a makare daidai take da kuskure. Wannan shi ne aikin kan kari, kuma ma'auninsa cika alkawari ne, ba yawan sauri ba.

Babbar manhaja ita ce mai raba wa ayyuka lokacin na'ura. In ta gama-gari ce, kamar Windows, an gina ta ne domin kowane aiki ya sami rabonsa. Galibi takan amsa da wuri, amma ba ta lamunce ba za ta taɓa makara ba. Haka kuma harshen Java na yau da kullum, wanda kan dakatar da aiki ba zato domin share ma'adanar na'ura.

Manhajar kan kari kuwa jeranta ayyuka take yi bisa muhimmancinsu. Alal misali, a 1969, sa'ad da kumbon Apollo 11 ke sauka a wata, aiki ya yi wa kwamfutarsa yawa, sai ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe na sauka, aka sauka lafiya.

Amma fa jerantawa kaɗai ba ta wadatar ba. A 1997 kumbon Pathfinder ya isa duniyar Mars da manhajar VxWorks, wadda aka yi musamman domin irin wannan aiki, duk da haka kwamfutarsa ta riƙa katsewa tana sake farawa. Dalili kuwa, wani ƙaramin aiki ne ya riƙe abin da babba ke bukata, matsakaita kuma suka hana ƙaramin gamawa. Daga ƙasa aka aika gyara, watau aka ara wa ƙaramin matsayin babban har ya saki abin.

Ta gama-gari ma tana gyaruwa. A 2024, bayan aikin kusan shekara 20, aka shigar da gyare-gyaren kan kari cikin cibiyar Linux, fitowa ta 6.12. Saboda haka, mai zaɓen manhaja domin aikin da rai ya rataya a kansa, wajibi ne ya auna jinkiri mafi muni da za ta iya yi a kan na'urarsa, ya gwada shi da wa'adin aikin. Alkawari kaya ne.