Zanen Faɗa-Wuta na Dā: Adon Bango ko Taskar Ilimi?

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka ana sayar da tsofaffin zane-zanen ƙwari cikin firam da gilashi domin ƙawata falo ko ofis. Daga cikin waɗanda aka fi nema akwai na faɗa-wuta. Wannan maƙala za ta yi bayanin asalin waɗannan zane-zane, da yadda aka yi su, da kuma abin da ake rasawa idan aka raba hoto da rubutun da ke tare da shi.

Mene ne faɗa-wuta?

Faɗa-wuta ƙwaro ne mai fukafukai huɗu, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi. Duka sunayen biyu harɗaɗɗun kalmomi ne da ke bayyana ɗabi'a: ɗaya yana afka wa fitila da dare, ɗayan yana buɗe fukafukansa yana rufewa kamar shafukan littafi. Galibin faɗa-wuta da dare suke yawo, kuma sukan shimfiɗa fukafukai idan sun sauka. 'Yan ƙahonnin da ke kansu suna kama da gashin tsuntsu ko zare, alhali na malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙulli a ƙarshe. Masana sun tantance kimanin nau'i 160,000 na faɗa-wuta a duniya.

Matar da ta bi tsutsa har Surinam

Kafin a ƙirƙiro kyamara, zane shi ne hujjar mai bincike. A ƙarni na 17 mutane da yawa a Turai sun ɗauka cewa ƙwari daga laka ko ruɓaɓɓen abu suke fitowa haka kawai. Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a birnin Frankfurt na Jamus a 1647, ta riƙa kiwon tsutsotsi a gida tana lura da su. A littafinta na 1679 ta zana ƙwai da tsutsa da kwanson da tsutsar ke shiga da kuma ƙwaron da ke fitowa, duk a kan ganyen da tsutsar ke ci. Ta haka mai kallo zai ga cewa halitta ɗaya ce take sauya kama.

A 1699, tana da shekara 52, ta tafi Surinam a Kudancin Amurka tare da 'yarta. A lokacin ƙasar tana hannun Holan. Ta dawo a 1701, sannan a 1705 ta buga Metamorphosis insectorum Surinamensium a Amsterdam, mai ɗauke da zane 60. Daga baya masani Carl Linnaeus ya dogara da wasu zane-zanenta wajen raɗa wa ƙwari sunayen kimiyya.

Afirka ta Yamma ma ta shiga wannan tarihi. Wani maƙerin azurfa a Landan mai suna Dru Drury ya buga littafin zanen ƙwari juzu'i 3 tsakanin 1770 da 1782. Wasu daga cikin ƙwarin daga Saliyo aka aiko masa, inda Henry Smeathman ya je farautarsu a 1771.

Yadda ake buga su

Da farko ana ƙarce zanen a kan farantin jan ƙarfe. Sai a shafa tawada ta shiga cikin layukan, a goge saman, a danna farantin kan takarda mai ɗan laima. Bayan haka ne ake sa launi da hannu, shafi bayan shafi, shi ya sa da wuya a sami kwafi biyu masu launi iri ɗaya sak. Zane na asali yakan bar shatin gefen faranti a jikin takardar. Kwafin zamani kuwa, idan aka duba shi da gilashin ƙara girma, sai a ga launin ɗigo-ɗigo ne na injin buga takardu. Hasken rana yana koɗar da launin, laima kuma tana kawo tabo, don haka ba a rataye su kusa da taga.

Abin da firam yake ɓoyewa

Yawancin zane-zanen asali da ke cikin firam shafukan littafi ne da dillalai suka farke, domin sayar da su ɗai-ɗai ya fi kawo riba. Sai hoton ya tafi bango, rubutun da ke gefensa ya salwanta. Wannan rubutu kuwa shi ne ya fi shafar ɗalibin harshe. Merian ta rubuta sunayen tsirrai da amfaninsu kamar yadda 'yan asalin ƙasar da bayin da aka kawo daga Afirka suka gaya mata. A bayanin wani zane mai kyakkyawar fure, ta ambaci cewa matan da ke cikin bauta suna amfani da ƙwayar wannan shuka su zubar da ciki, don kada 'ya'yansu su tashi bayi. Wanda ya sayi hoton kaɗai ba zai taɓa sanin haka ba. Alhamdu lillahi, yanzu ana iya karanta da yawa daga cikin waɗannan littattafai cikakku, kyauta, a intanet, musamman a shafin Biodiversity Heritage Library.

Kammalawa

Mu ma muna da namu ilimin game da waɗannan ƙwari. Zaren tsamiya da Hausawa ke yi wa babbar riga aiki da shi, wanda Yarabawa ke kira sanyan suna saƙa tufafi da shi, daga saƙar tsutsar wani faɗa-wuta ake samunsa, wanda masana ke kira Anaphe. Sunayen tsutsar, da lokacin fitowarta, da yadda ake dafa saƙarta a kaɗa zaren, suna bakin dattawan masaƙa da maɗinka. Ya kamata mu ɗaliban harshe mu je mu tambaye su, mu rubuta kowane suna tare da hotonsa da garin da muka ji shi.