Sarƙa ba ta haihuwa

Ado abu ne mai kyau. Mace ta sa ƴan kunne da sarƙa da awarwaro ranar buki ko ranar salla, ba laifi ba ne. Amma akwai waɗanda sayen kayan ado ya zame musu jaraba. Kowace kaka sai sun ƙaro sabuwar sarƙa, ko da akwai uku cikin adaka. Wasu har gero suke saidawa, ko su ci bashi, don kada kishiya ko maƙwabciya ta fi su. In an yi magana, sai su ce ajiya ce. Ya kamata a duba wannan ajiya da kyau.

Abin da ake biya

Mai sayen sarƙa abu uku yake biya: zinariyar, da ladan maƙeri, da ribar ɗan kasuwa. Ranar saidawa kuwa, zinariyar kaɗai ake biyan shi. Ladan maƙeri da riba sun tafi ke nan.

Kuma ba duka nauyin sarƙa ba ne zinariya. Zinariya tsantsa tana da taushi, shi ya sa ake garwaya ta da jan ƙarfe ko azurfa. Tsantsar ita ce karat 24. Mai karat 21 ana buga mata lamba 875. Mai karat 18 ana buga mata 750. Misali: sarƙa mai nauyin garam 20, mai lamba 750, zinariyar cikinta garam 15 ce. Garam 5 wani ƙarfe ne.

Duwatsu masu ƙyalli sun fi saurin sa mutum hasara. Da yawa kwalba ce aka gyara. Akwai kuma roba mai kama da murjani. Mai saye yakan ɓamɓare duwatsun ya fid da nauyinsu, kafin ya faɗi kuɗɗi.

Tsada tana hawa, tana sauka

Gaskiya ne zinariya ta taɓa rufa asirin masu ita. A watan Janairu na 1994 an rage darajar kuɗɗin sefa da rabi, zinariya kuwa ta riƙe darajarta. Amma ita ma tana faɗuwa. A kasuwar duniya, oza ake aunawa, watau wajen garam 31. A Janairu na 1980 oza guda ta kai dalar Amurka 850. A 1999 ta sauko ƙasa da 260. Sai a 2008 ta sake kai tsadarta ta 1980. Wanda ya saya lokacin tsada ya yi jiran shekara 28.

Ga wata matsala. Ba a cika saida kayan ado ba sai an matsu. A shekarun yunwa irin su 1974 da 1984 da 2005, gero ne ya yi tsada. Mai yunwa ba ya ciniki, abin da aka taya shi yake karɓa.

Abin da ya kamata a yi

A fara cika rumbu. A ware kuɗɗin magani da na karatun yara. Abin da ya rage, a raba shi. Jar akuyar Maraɗi cikinta wata 5 ne, takan haifi tagwaye, ga kuma nono. Sarƙa ko ta shekara 10 cikin adaka, guda ɗaya ce. Akwai kuma asusun Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jihar Maraɗi a 1991. Can mace tana zubi kowane mako, tana samun rancen yin sana'a.

Wadda za ta sayi zinariya, ta duba lamba, ta sa a auna gabanta, ta tambayi ladan aiki dabam, ta karɓi takardar shaida. Kada ta saya da bashi. Daidai ruwa, daidai tsaki.