YADDA ZA A SAYI GOGEN TURAWA MAI KYAU DA KUƊI KAƊAN

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, wataƙila wata rana a ɗora wa waninku aikin koyar da kiɗa, a ba shi ɗan abin da makaranta ta tara, a ce ya sayo gogen Turawa, watau fayolin. Kuɗin ba su da yawa, in kuwa ya sayo na banza babu wasu a baya, yara su yi ta fama da shi har su tsani kiɗan. Shi ya sa na ga ya kamata in ɗan yi bayani.

Da fari kada takardar da ke manne a cikin gogen ta ruɗe ka. In ka leƙa ta kafar da ke fuskarsa, sau da yawa za ka ga sunan Stradivari. Shi wannan mutum gwanin sassaƙa ne na birnin Kiremona a ƙasar Italiya, ya rasu a 1737. Wani gogensa da ya yi a 1721 an sayar da shi a 2011 a kan fam miliyan 9.8. To, tun ƙarni na 19 masu sana'ar a Jamus da Faransa su ka riƙa yin dubban goguna su na manna musu sunansa, domin a san fasalinsa su ka bi. Wanda duk ya zo maka da irinsa ya na rantse-rantse, ka taya shi a kuɗin tsohon goge kurum.

Abin dubawa na ainihi itace ne. Fuskar goge da itacen sifurus a ke yinta, mai taushi, mai zane-zane a miƙe. Bayansa kuwa da wuyansa da mafil, mai ƙarfi. Na kirki sassaƙa su a ke yi daga gungume har su fito da ɗan doro. Na araha ƙwarai falanki ne a ka danne da inji, a ka malala masa fenti mai kauri ya na sheƙi kamar tangaran. Muryarsa ba ta fita, sai ka ce mai mura. Baƙin allon nan da a ke dannawa da yatsu, da turakun ɗaure tsirkiya, ya kamata su zama na eboni, ɗan'uwan itacen kanya. Duba ƙarƙashin allon da gefensa. In ka ga fari-fari, baƙi a ka shafa wa wani itace, ba zai daɗe ba tsirkiya za ta yi masa rami. Murɗa turakun huɗu ɗaya bayan ɗaya. In su na zamewa ko su na cijewa, rabin lokacin darasi zai tafi wajen saita murya.

A cikin gogen akwai wani ɗan tsinke a tsaye tsakanin fuska da baya, kusa da ƙafar jaki. Ba a manna shi, matsewa ce ke riƙe da shi, Faransawa su na kiransa ran goge. In ka girgiza ka ji wani abu na ƙwal-ƙwal, ya faɗi ke nan, kada ka ja tsirkiya sai gwani ya tsai da shi. In kuwa bayan gogen ya tsage daidai wurin nan, bar shi, kuɗin gyara ya fi kuɗin saye. Amma gefen da ya ɗan ɓare ba wani abu ba ne, manne shi a ke yi.

Ni a ganina kada a zuba kuɗi duka a kan gogen kansa. A rage kashi ɗaya cikin huɗu domin sababbin tsirkiyoyi, da ƙaro, da ladan wanda zai gyara jaki, gama yawancin gogunan ɗalibai yanzu daga ƙasar Sin su ke zuwa, akwai masu kyau a cikinsu, amma da wuya su iso a saice. Izga kuma a daidaita ta da ido kamar mai duban kibiya, in ta karkace gefe a mayar. Yaro ƙarami kada a saya masa babba wai zai girma a ciki, ba riga ba ce. Cikakken goge tsawon jikinsa inci 14 ne, akwai kuma na 3/4 da na 1/2.

Ka tafi da wanda ya iya gogawa, ya goga kai kuma ka koma nesa ka saurara, don abin da kunnen mai kiɗa ke ji dabam ya ke da abin da ke isa ƙarshen aji. A Legas masu koyarwa a makarantar kiɗa ta MUSON sun san wannan aiki. Sa'an nan ka tabbata akwatin ya na rufuwa sosai. An sassaƙa abin nan domin iskar Turai ne. A nan damina ta kan kumbura shi, hunturu ya busar da shi har ya tsage. In an gama darasi a sassauta izga, a goge ƙurar ƙaro da busasshen ƙyalle, a rufe akwati, a ajiye shi nesa da taga.