Koyar da Tatsuniyoyin Al'ummu Daban-daban ga Sababbin Ɗalibai

Darasin tatsuniyoyin al'ummu fanni ne na adabin baka da ake jera tatsuniyoyin ƙabilu da ƙasashe, a duba inda suka haɗu da inda suka rabu. Ya dace da 'yan shekarar farko, domin kusan shi ne fagen da ɗalibi ke shiga da guzurinsa. Yaron da ya taso a Wagini, ko a ƙauyukan Batsari da Safana, ya samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi da Dodo daga bakin kakarsa tun kafin ya riƙe alƙalami.

Saboda haka daga gida ake farawa. Malami kan sa kowa ya kawo tatsuniya ɗaya yadda ya ji ta, da waƙarta da komai, sannan a gwada da rubutattun. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, kuma malaman Hausa ne suka rubuta masa mafi yawansu da ajami. R. S. Rattray ya fitar da nasa a 1913. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni don makarantu. A nan ɗalibi ke fara gane cewa takarda ba ta ɗaukar murya da kwaikwayo da amshin yara.

Mataki na biyu shi ne kwatance, kuma nan ne darasin ke da armashi. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, an tura 'yar bora wanki wuri mai nisa, ta yi ladabi ga duk abin al'ajabin da ta tarar a hanya, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sahu da rashin kunya, ta kwaso wahala. A tarin da 'yan'uwan nan Grimm suka fara bugawa a Jamus a 1812 akwai irinta: yarinya ta faɗa rijiya, ta yi wa wata tsohuwa hidima, aka lulluɓe ta da zinariya, malalaciyar 'yar'uwarta kuwa aka kwarara mata baƙin ƙaro. Ƙashin labarin ɗaya ne. Amma a ta Jamus, mace ɗaya ce ke fifita 'yar cikinta a kan agola, a ta Hausa kuwa kishiyoyi biyu ne a gida guda, miji na fifita ɗaya. Wannan bambancin ya fi kamannin amfani, don shi ke nuna tsarin aure da zaman gida na kowace al'umma. Ɗalibin da ya tsaya ga cewa "duk ɗaya ne" bai yi rabin aikin ba.

Haka ake jera Gizo da Anansi na Akan a Ghana, da kunkurun Yarabawa da Ibo. Kayan aunawa ma akwai: Antti Aarne ya fara kasa tatsuniyoyi bisa lambobi a 1910, Vladimir Propp kuma a 1928 ya nuna matakai 31 da tatsuniyoyin Rasha ke bi. Gabatar da su a taƙaice ya wadatar a shekarar farko.

Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, shi ne gadar da ta fi sauƙin hawa. Imam, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a Katsina, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Neman asalin labari ɗaya daga ciki aikin gida ne mai kyau.

Matsala biyu ke tasowa. Wasu ɗaliban na raina tatsuniya, suna ganin hirar mata da yara ce, sai an nuna musu cewa bincike ne mai ƙa'ida. Ta biyu ta fi nauyi: rashin tsaro a yankin dajin Rugu ya tarwatsa ƙauyuka da dama, ya rage hirar dare da ake yin tatsuniya a cikinta. Shi ya sa ya fi dacewa ɗalibi ya naɗi muryar tsofaffin gidansu da waya lokacin hutu, da izininsu, ya rubuta sunan gari da ranar da ya ɗauka, sashen Hausa kuma ya adana.