Kafin A Huda Bango Don Sa AC Ko Wayar Intanet: Abin Da Wayar Salula Za Ta Iya Ganowa

Sa AC, kyamarar tsaro, inbata ta sola ko wayar intanet duk suna buƙatar huda bango. Sau da yawa mai aikin yakan ɗauki guduma da kurfi ya fara sara duk inda ya ga dama, ba tare da sanin abin da ke cikin bangon ba.

Kankare yana da ƙarfin ɗaukar nauyin da ke danne shi, amma idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Wannan ne ya sa ake saka rodi a cikin fila, bim da dekin. Idan aka yanke rodi guda, nauyin da yake riƙewa zai koma kan na kusa da shi. Ba lallai ne a ga illar a ranar ba, tsagewar kan fito ne daga baya.

Siffar ramin ma tana da tasiri. Rami mai kusurwa huɗu yana tara nauyi a kusurwoyinsa, shi ya sa tsaga ke yawan farawa daga gefen taga. Ramin bututun AC bai wuce kimanin santimita 7 ba, kuma injin huda mai yanka zagaye ya fi guduma aminci. Buɗe sabuwar ƙofa ko taga kuwa sai an tokare saman, an zuba linta.

A nan ne wayar hannu ke da ɗan amfani. Yawancin wayoyin zamani suna da firikwensin maganaɗisu, wanda kamfas ɗin wayar ke aiki da shi. Manhajojin gano ƙarfe suna nuna ƙarfin maganaɗisun da lamba. A fili, lambar kan tsaya tsakanin maikrotesla 25 zuwa 65. Idan aka goga wayar a hankali a jikin bango sai lambar ta yi tsalle, akwai alamar rodi a kusa.

Sai dai wayar ba ta ganin wayar lantarki ta tagulla ko bututun roba, kuma rodin da ya yi nisa ciki yakan ɓace mata. Na'urori irin su Bosch D-tect, masu aiki da rada, sun fi ta gani. Su ma ba za su faɗi nauyin da bango ke ɗauke da shi ba.

A ranar 29 ga Yunin 1995, katafaren kantin Sampoong da ke Seoul a Koriya ta Kudu ya rufta, mutum 502 suka mutu. Cikin dalilan akwai rage ginshiƙai don a sa matakala mai lantarki, da jan manyan na'urorin sanyaya wuri a kan rufin.

Don haka ƙaramin rami a tsakiyar bulo, nesa da fila da kwalin soket, ana iya gwada wurin da waya. Amma duk aikin da zai taɓa fila, bim ko dekin, a kira injiniyan gini tukuna.