Ga tudu, ga jirgi, babu izinin sauka: kwana 19 a kan Open Arms

Daga inda jirgin Open Arms ya jefa ƙugiyarsa a tsakiyar watan Agustan 2019, ana hango tsibirin Lampedusa na ƙasar Italiya ƙuru-ƙuru. Tazarar ba ta kai kilomita guda ba. Lokacin hutun Turawa ne, bakin teku cike yake da masu wanka da shan iska. A kan jirgin kuwa mutane sama da 100 ne a cunkushe, waɗanda aka tsamo daga Bahar Rum bayan sun taso daga Libiya, an hana su taka ƙasa.

Jirgin na wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Spaniya ne, tsohon jirgin jan jirage mai tsawon mita 37. Ba a ƙera shi don mutane su zauna ciki ba. Tun ranar 1 ga Agusta ya fara ceto, amma Matteo Salvini, ministan cikin gidan Italiya na lokacin, ya rufe masa ƙofa. Sallar layya ma a kan ruwa ta sami musulmin da ke ciki. Sai ranar 14 ga wata wata kotu a Roma ta dakatar da haramcin, jirgin ya matso kusa da tsibirin, nan kuma aka ce ya tsaya.

Yini a jirgin da layi yake farawa, don ban ɗaki biyu ne kacal. Wurin kwana shi ne wurin zama, shi ne na cin abinci: daɓen jirgi, ƙarƙashin tampol, kafaɗa da kafaɗa. Idan rana ta take, ƙarfe ya ɗau zafi, inuwa ta zama abin rububi. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Tawa zai ce ya saba, amma zafin teku da gumi yake zuwa, ga gishiri yana cin fata, ga ruwa ko'ina ba na sha ba. Da iska ta taso, jirgin da ke tsaye ya riƙa tangaɗi, sai jiri da amai.

Abin da ya fi cin mutane shi ne zaman banza da rashin sanin gobe. Shugaban ƙungiyar, Oscar Camps, ya ba da labarin faɗa da ke ɓarkewa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar wurin zama ko layi. Waɗanda ciwo ya kayar ana kwashe su kaɗan-kaɗan zuwa tudu, saura na kallo. Ranar 17 aka sauke yara 27 da ba su tare da iyaye. Washegari mutum huɗu suka sa rigar ceto suka faɗa ruwa, wai su kai gaɓa da iyo, ma'aikatan jirgin suka bi su suka dawo da su. Spaniya ta ce a zo tashar Algeciras, ƙungiyar ta ƙi: tafiyar kwanaki ce, mutanen kuma sun galabaita.

Ga matashin da ke lissafin hanyar Agadas zuwa Sabha, wannan zango ne da ba kasafai masu safara ke faɗa ba. Su labarinsu yakan ƙare ne a kan cewa jirgin ceto zai ɗauke ka.

Ranar 20 ga Agusta, bayan wasu sun sake faɗawa ruwa, mai gabatar da ƙara na Agrigento, Luigi Patronaggio, ya hau jirgin da kansa tare da likitoci. Ya ba da umarnin a sauke kowa. Da dare mutum 83 da suka rage suka taka Lampedusa. An gurfanar da Salvini a Palermo bisa zargin tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba, masu ƙara suka nemi a ɗaure shi shekara 6. Ranar 20 ga Disamban 2024 kotun ta wanke shi.