Daƙiƙa 208 a Saman Kogin Hudson

Ranar Alhamis 15 ga Janairun 2009, ana tsakiyar hunturu a Amurka, jirgin fasinja na kamfanin US Airways mai lamba 1549 ya tashi daga filin jirgin sama na LaGuardia a birnin Niyu Yok, zai je Charlotte. Ƙirar Airbus A320 ne, da fasinja 150 da ma'aikata biyar a ciki. Ƙarfe 3:25 na yamma ne, gari garau, har kyaftin ɗin, Chesley Sullenberger, wanda ake kira Sully, ya leƙa ta taga yana yaba wa mataimakinsa kyan da kogin Hudson ya yi a ranar.

Mataimakin, Jeffrey Skiles, shi ke riƙe da tuƙi. Tsohon hannu ne a aikin, amma sabon shiga ne a wannan ƙirar jirgi, bai jima da gama horo a kanta ba. Ba su cika minti biyu da barin ƙasa ba, suna wajen mita 860 a sama, sai ga garken dinya ya tare musu gaba. Dinyar Kanada ce, 'yar'uwar irin wadda ake gani a fadamar Haɗeja da Nguru, tsuntsuwa mai jiki, kowace ɗaya ta doshi kilo huɗu. Kalma ɗaya Sully ya samu ya faɗa: "Tsuntsaye." Sai dum, dum, dum. Fasinjojin da ke kusa da fiffike suka ga wuta na fita daga inji, ƙauri ya cika jirgin. Daga nan sai tsit, kuma a jirgin da ke sama babu ƙarar da ta kai shirun inji ban tsoro.

Mutum zai yi mamakin yadda tsuntsu, nama da gashi, zai kashe injin da ke ɗaga tan saba'in sama. Sirrin yana cikin gudu. Jirgin yana tafiyar fiye da kilomita 350 a awa, injinsa kuwa zuƙar iska yake yi ta baki, farfelolinsa na juyawa sau dubbai a minti guda. Duk abin da ya faɗa ciki a wannan hali tamkar an jefa dutse ne cikin injin niƙa. Masu ƙera injinan sun san da haka, shi ya sa kafin a amince da sabon inji sai an harba masa matattun tsuntsaye da wata bindiga mai aiki da iska a ga yadda zai yi. To amma mafi girman tsuntsun da aka gwada wannan injin da shi bai cika kilo biyu ba, wajen rabin nauyin dinyar ke nan. Ga shi kuma dama da hagu duka suka haɗiya a lokaci ɗaya.

Sully ya ce, "Na karɓi jirgi." Skiles ya sakar masa, ya jawo littafin matakan gaggawa. Shekarar Sully 57, ya yi tuƙin jirgin yaƙi a rundunar sojan sama, ya iya tuƙa jirgi marar inji, kuma ya kwashe sama da awa 19,000 a sararin sama. Tun kafin a iso wurin a littafin ya kunna ƙaramin injin da ke wutsiyar jirgin, wanda yake kamar janareta, don kada wuta ta ɗauke wa kwamfutocin tuƙi. Masu bincike sun ce wannan hanzari ya taimaka ƙwarai. Shi littafin an tsara shi ne don jirgin da injinansa suka mutu can ƙololuwar sama, inda matuƙi ke da lokacin bin mataki ɗaya bayan ɗaya, don haka Skiles ko rabinsa bai kai ba.

A ƙasa, jami'in da ke ba jirage hanya, Patrick Harten, ya tsayar da tashin sauran jirage, ya ba Sully titin sauka a LaGuardia. Sully ya ce ba zai iya ba. Aka ambaci filin Teterboro da ke tsallaken kogi a jihar New Jersey, aka share masa hanya. Ya auna, ya ga ko'ina gidaje ne a cunkushe, in ya gaza kai wa titin to a kan mutane zai faɗo. Sai ya ce a kogin Hudson za su sauka. Harten ya nemi ya maimaita, bai ƙara jin muryarsa ba. Daga baya ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa a lokacin ya ɗauka shi ne mutum na ƙarshe da zai yi magana da wani a jirgin nan yana raye.

Suka wuce ta saman gadar George Washington, tsakaninsu da ita bai kai mita 300 ba. Sully ya sanar da fasinja su shirya, za a bugi ƙasa. Ma'aikatan jirgin mata uku suka shiga ɗaga murya tare, suna cewa kowa ya duƙar da kai. Sauka a ruwa ba wasa ba ce: in fiffike ɗaya ya riga ɗaya taɓa ruwa, jirgin zai wuntsila ya tarwatse. Sully ya ɗaga hancin jirgin, ya daidaita fukafukan, wutsiya ta fara taɓawa. Daga shigar dinya inji zuwa wannan lokaci, daƙiƙa 208.

Jirgin bai nutse nan take ba, amma bayansa ya fashe, ruwa mai sanyin ƙanƙara ya fara kwararowa. Ma'aikaciyar da ke can baya, Doreen Welsh, ƙarfe ya tsaga mata ƙafa, a haka ta riƙa tura mutane gaba ruwa na hawa jikinta. Mutane suka fito suka jeru a kan fukafukai, ruwa na lasar ƙafafunsu, har da mai goyon jariri. Sully ya bi cikin jirgin daga gaba zuwa baya sau biyu yana duba kujeru, sannan ya fita a ƙarshe.

Akwai sa'a a lamarin, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Da rana abin ya faru, kogin a kwance yake, jirgin yana da kayan ceto na ruwa duk da cewa tafiyar ba ta wajabta su ba, kuma Sully ya sauke shi daidai inda jiragen fito ke kai da komo. Na farkonsu, mai suna Thomas Jefferson, ya iso cikin kamar minti huɗu. Kafin rabin awa an kwashe kowa, mutum 155, babu wanda ya rasu. Wasu ba su ga irin wannan rana ba. A Boston a 1960 ƙananan tsuntsaye sun kayar da jirgi, mutum 62 suka mutu. A Bahir Dar ta Habasha a 1988 tattabaru ne, mutum 35.

Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gwada tafiyar a na'urar koyon tuƙi. Wasu matuƙan sun iya komawa LaGuardia, amma sun san abin da zai faru, sun juya nan take. Da aka ƙara daƙiƙa 35, lokacin da ɗan'adam ke buƙata ya gane abin da ya same shi, jirgin gwajin bai kai ba. A ganina wannan ya rufe bakin duk mai cewa ai da ya koma.

Dinyoyi kuwa sun biya. A bazarar shekarar aka bi wuraren shaƙatawa da ke kewayen filayen jiragen birnin, lokacin da suke zubar da gashi ba sa iya tashi, aka kama fiye da 1,000 aka kashe. Sai dai masanan cibiyar Smithsonian da suka binciki gashin da aka ciro daga injinan sun gano cewa waɗanda suka shiga ciki baƙi ne 'yan ci-rani, daga yankin Labrador na ƙasar Kanada suka zo. Waɗanda aka kashe 'yan gida ne.